Amanar Lasifika

Sau ɗaya a shekara, masu ƙera kayan sauti na duniya sukan haɗu a wani baje koli da ake kira High End. An fara shi a 1982 a birnin Dusseldorf na Jamus, ya zauna a Munich daga 2004 zuwa 2025, sannan aka yanke shawarar mayar da shi Biyana, babban birnin Ostiriya. Tsarin wurin mai sauƙi ne. Kowane kamfani yana da ɗakinsa, da 'yan kujeru a jere, da lasifika biyu a gaba. A rufe ƙofa, a saka waƙa, kowa ya yi tsit. Idan aka fito, marubutan mujallun sauti su zauna su rubuta abin da kunnuwansu suka ji: wannan tana da taushi, waccan ta cika kaifi, a wannan ana gane inda mai goge yake tsaye da inda mai ganga yake zaune, a waccan har numfashin mawaƙiya ana ji kafin ta fara baiti.

Wanda ya karanta irin wannan rahoto a wayarsa yana zaune a Sabon Birni ko Isa, ba za a ga laifinsa ba idan ya ce wannan ai wasan masu ƙoshi ne. Lasifikar BeoLab 90 da kamfanin Bang & Olufsen ya fitar a 2015, guda biyunta a lokacin sun kai kusan dala dubu 80, kuɗin da zai haƙa rijiyoyin burtsatse ya kuma gina ajujuwa. Mutumin da ke kwana da takalmi a ƙafa saboda gudun hari, ina ruwansa da numfashin mawaƙiya?

Duk da haka, tambayar da waɗancan mutane ke kashe dukiya a kanta tamu ce, kuma ta fi yi mana nauyi a kansu. Tambayar ita ce: idan ka ɗauki muryar wani, ka ƙara mata ƙarfi, ka kai ta inda shi bai kai ba, wane haƙƙi ne ya hau kanka? Su idan sun kuskure amsa, waƙa ce za ta ɓaci. Mu a ƙasar Gobir, kuskuren yakan taɓa rai da mutunci.

Abin da ake saye da tsada

Sunan wannan fanni, hi-fi, rabinsa na biyu ya samo asali ne daga wata kalmar Latin, fides, wadda ke nufin aminci da riƙon amana. Wato na'urar da ake yabo ita ce wadda ta fi riƙe amanar abin da aka ba ta.

Lasifikokin da suka fi jan hankali a 'yan shekarun nan su ne waɗanda za mu iya kira masu cin gashin kansu. Tsohon tsari shi ne amfilifaya tana waje, tana tura wuta ta waya zuwa akwati, a cikin akwatin a raba wutar tsakanin babban baki mai fitar da kakkauran sauti da ƙaramin baki mai fitar da siriri. A sabon tsari ana raba sautin tun kafin a ƙara masa ƙarfi, kowane baki yana da amfilifayarsa a cikin akwatin, kuma akwai 'yar kwamfuta da ke lissafin lokacin da kowane amo zai fita domin su iso kunne tare. Kamfanin Genelec na ƙasar Finlan yana ƙera irinsu tun 1978 domin gidajen rediyo da ɗakunan ɗaukar waƙa. Kii Three, wadda aka fitar a 2015, tana da bakuna shida a kowane akwati. Na gefe da na baya suna taimakawa wajen soke sautin da ke tafiya baya, don kada bango ya dawo da shi ya dagula na gaba. BeoLab 90 da muka ambata tana da bakuna 18 da ƙarfin wat 8,200 a kowane akwati.

Mai karatu zai iya zaton duk wannan ƙarfi don ƙara aka tara shi. A'a. Lasifikar ƙarfe da ke kan hasumiyar masallacin unguwa, da 'yar amfilifayarta da ke aiki da batirin mota, ta fi su kai murya nesa. Abin da masu sayen waɗancan ke biya abu biyu ne. Na farko, kada na'ura ta ƙara wani abu nata ko ta rage na mai murya. Na biyu, wanda ya fi wuya, idan babbar ganga ta buga kada ta haɗiye ƙaramin amon da ke kusa da ita. Ƙara aba ce mai arha. Abin da ke da tsada shi ne a ji marar ƙara a gefen mai ƙara.

Lasifikokinmu na da da na yanzu

Mu ma mutanen lasifika ne, watakila fiye da Turawa. Ita ke tashinmu da asuba. Ita ke kan rufin motar mai tallan magani a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ita ke bayan akori-kurar 'yan siyasa lokacin kamfe, ita ke girgiza bangon gida ranar biki, ga kuma ƙaramarta ta bulutut a teburin mai shayi. Sai dai ma'aunin da muke auna ta da shi ɗaya ne: ina muryarta ke kaiwa? Shi ya sa ake murɗa ta har ƙarshe, har murya ta fashe. A ilimin sauti, wannan fashewa na nufin amfilifaya ta kai iyakarta, ta soma yanke kan igiyar sautin, tana cusa wani amo nata da mai magana bai furta ba. Hausawa sun riga sun faɗa, idan ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa.

Ba raina lasifikar ƙarfe muke yi ba. An ƙera ta ne don nisa, kuma kiran salla nisa yake buƙata. Abin lura shi ne mun saba da auna murya da nisanta har mun manta akwai wani ma'auni, alhali kakanninmu sun san shi.

Lasifikar wuta irin wadda ke ko'ina a yau, injiniyoyi biyu ne na kamfanin General Electric, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana tsarinta a 1925. Kafin ta iso mana, mutane ne lasifikokinmu. Ladan ne ke maimaita kabbarar liman don sahun baya ya ji. Sanƙira ne ke shelanta wa taro an ɗaura auren wane da wance a kan sadaki kaza. Mai shela ne ke zaga gari da saƙon sarki. Dukansu ƙa'ida ɗaya ta ɗaure su: ba ƙari, ba ragi. Ladanin da ya riga liman kabbara ya rikita wa mutane salla. Sanƙirar da ya ƙara sifili a kan sadaki don ya burge taro ya shuka rigimar da wata rana za ta kai gaban alƙali.

Malaman hadisi sun tsara wannan ƙa'ida tun ƙarnoni da dama. Kafin a karɓi magana daga bakin mai ruwaya, sai ya cika sharuɗɗa biyu: adalci, wato ya zama mutumin kirki da ba ya ƙarya, da kiyayewa, wato ya riƙe magana daidai yadda ya ji ta. Injiniyoyin Munich sharaɗi na biyu kawai suke iya ginawa cikin akwati. Na farko ba ya shiga akwati, yana nan a wuyan mutumin da ke riƙe da na'urar.

Ƙasar Gobir kuwa ta daɗe da sanin nauyin batun wa za a bari a ji. A taron Magami, wajen 1788, cikin abubuwa biyar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya nema a wajen Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo, biyu sun shafi murya kai tsaye: a bar shi ya yi kira, kuma kada a hana kowa amsa kiran. Daga baya Sarki Nafata ya taƙaita wa'azi. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, kufanta yana nan a ƙaramar hukumar Sabon Birni. Ko ta wane ɓangare mutum ya karanta wannan tarihi, zai yarda cewa a wannan ƙasa jayayya kan murya ta taɓa kai wa ga rushewar babban birni.

Abin da manhaja ke zubarwa

Yau lasifikar da ta fi kowace ƙarfi a ƙasarmu tana cikin aljihu. A 2022 kamfanin WhatsApp ya ce ana aika saƙon murya biliyan 7 a kowace rana a dandalinsa. A wurinmu, inda da yawa ba su karanta boko da sauri amma kowa yana jin Hausa, saƙon murya shi ne jarida, shi ne rediyo, shi ne mai shela. Kowannenmu ya zama lasifika mai cin gashin kanta, da amfilifayarsa a tafin hannu. Danna sau ɗaya ya isa murya ta tashi daga Gatawa ta sauka a Legas da Maraɗi da Jidda.

Mu da muke sana'ar rubuta manhaja mun san wani sirri game da waɗannan saƙonni da ya dace kowa ya sani. Muryar da ka ji a waya ba duka ce ta iso ba. Faifan CD yana ɗaukar bayanai kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa, MP3 ta yau da kullum kuwa 128 take ɗauka, wato kusan kashi ɗaya cikin 11. Ina sauran ya tafi? Masu binciken cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, waɗanda suka jagoranci ƙirƙiro MP3 a farkon shekarun 1990, sun yi amfani da wata ɗabi'ar kunnen ɗan Adam. Idan sauti mai ƙarfi da sauti mai rauni suka zo tare, kuma amonsu yana kusa da juna, mai ƙarfin yakan rufe mai raunin, kunne ba ya jin sa sam. To tunda ba za a ji shi ba, manhaja sai ta ƙi ɓata masa wuri. Tsarin Opus da WhatsApp ke matse saƙon murya da shi, shi ma zubar da wani abu yake yi don saƙo ya yi sauƙin tafiya a raunanan sabis.

A fannin waƙa wannan dabara ce mai kyau, ita ta sa memori ɗaya ke ɗaukar tafsirin watan azumi gaba ɗaya. Matsalar ita ce zaurukanmu na WhatsApp da shafukanmu na Facebook suna yin irin wannan aiki a kan mutane. Idan Bello Turji ya fitar da saƙon murya, kafin la'asar ya zaga wayoyin Arewa, har da masu fassara shi zuwa Turanci. A ranar kuma akwai manomin da aka ɗora wa ƙauyensa harajin da sai an biya kafin a shiga gona. Akwai matar da ta tsallaka iyaka zuwa yankin Gidan Rumji a jihar Maraɗi da 'ya'ya huɗu ba mijinta. Akwai malamin firamare da makarantarsa ta koma masaukin 'yan gudun hijira. Su ma suna magana, kuma a kan batu ɗaya da shi, wato amonsu yana kusa da nasa. Shi ya sa muryarsa ke rufe tasu.

A ranar 27 ga Mayu, 2020, an kashe fiye da mutum 70 a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa, duk a Sabon Birni. A Disamba 2021 an ƙona motar matafiya kusa da Gidan Bawa, fiye da mutum 20 suka rasu. Abin da ya iso wa yawancin 'yan ƙasa daga waɗannan ranaku adadi ne. Adadi kuwa shi ne matsi mafi tsanani da ake yi wa murya: rayuka 70, kowanne da sunansa da bashin da ake bin sa da wadda zai aura bayan kaka, an mayar da su lamba biyu.

Ga inda muka bambanta da manhaja. Ita abin da kunne ba zai iya ji ba take zubarwa. Mu kuwa muna zubar da abin da za mu iya ji sarai da mun rage wa mai ƙara sauti na ɗan lokaci. Kukan kurciya jawabi ne, amma ba a jin sa kusa da janareta.

Ido yana yi wa kunne shisshigi

Akwai wani darasi kuma da masu harkar sauti suka koya ba da son ransu ba. Daga 1915 kamfanin Thomas Edison ya riƙa shirya taruka inda mawaƙi zai tsaya kusa da garmaho yana rera waƙa tare da faifansa, wani lokaci a rage fitila ya sulale, mutane su ce ba su gane lokacin da ya daina ba. Wanda ya saurari waɗannan faya-fayai a yau zai yi mamakin yadda aka yi hakan ta faru. A 1994 masana sauti biyu, Floyd Toole da Sean Olive, suka gwada abin a kimiyyance a kamfanin Harman na Amurka. Suka sa mutane su ba wasu lasifikoki maki suna kallonsu, sannan suka sake gwajin a bayan labule. Makin ya canza. Manyan akwatuna masu ƙyalli da tsada sun fi samun yabo lokacin da ake ganinsu, kuma gogaggun masu sauraro ma ba su tsira ba.

Muna cewa gani ya kori ji, amma a nan gani ɓata ji ya yi. Haka muke yi da saƙonnin da ke shigo mana. Namiji mai kakkaurar murya, ya buɗe da doguwar sallama, ya jefa Larabci biyu da Turanci uku, ya ce labarin daga majiya mai tushe yake, nan take mun gaskata mun tura. Tsohuwa ta yi magana da Gobirci tana sarƙewa, ga kukan awaki a bayanta, ko rabi ba ma kaiwa mun danne. Akwatin muka ba maki. Kuma wannan rauni zai ƙara zama haɗari, domin yanzu akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun sautinsa, su sa shi faɗar abin da bai taɓa faɗa ba.

Amma kunnenmu ya iya aikin idan ya so, kuma hujjar tana gida. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya rasu fiye da shekara 60 da suka wuce. Waƙoƙinsa sun iso mana ne ta tsofaffin ɗauka, an kwafe su daga kaset zuwa kaset har zuwa memori, ga shuuu a bayansu kamar ana ruwan sama a rufin kwano. Babu ɗakin Munich da zai yarda a saka irin wannan sauti. Duk da haka dattijo zai kara waya a kunne, ya tsinto kowace kalma, ya raba muryar Narambaɗa da ta 'yan amshi, ya gaya maka inda aka yi zambo da wanda aka yi wa. Abin da na'ura ta rasa, natsuwar mai sauraro ta cike. Tunda mun iya yi wa mawaƙin da ya rasu wannan hidima, ba mu da uzurin hana ta mai rai da ke neman agaji.

Inda amsar ta yi wuya

A ƙarshen Yuli 2024 'yan bindiga suka sace Sarkin Gobir, hakimin Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato. A watan Agusta wani bidiyo ya fito yana roƙon a cece shi, kwanaki kaɗan bayan haka aka samu labarin rasuwarsa a hannunsu. Allah ya gafarta masa, ya ba iyalansa haƙuri. Bidiyon ya shiga wayoyi marasa adadi.

Idan da ma'aunin injiniya za a auna, babu cin amana a wannan turawa. Muryarsa ce, kalmominsa ne, ba wanda ya ƙara ko ya rage. To amma wa ya kafa makirfon? Wa ya zaɓi lokacin, da wurin, da halin da za a nuna dattijo mai rawani a ciki? Waɗanda suka tsare shi ne. Sun ɗauki bidiyon ne don ya yaɗu, ya matsa a biya su, ya kuma gaya wa kowane talaka cewa idan sarki bai tsira ba kai wane ne. Duk wayar da ta tura shi ta isar da kukan sarki, ta kuma isar da saƙon masu garkuwa, a dannawa ɗaya. A nan ne sharaɗin kiyayewa ya gaza shi kaɗai. Ana iya riƙe amanar sauti a ci amanar mai sautin.

Dole mu yi wa masu turawar adalci. Da yawansu zuciya ce ta tura su. Sun ga cewa a ƙasar nan sai abu ya yi ƙara ake waiwayarsa, kuma ba ƙarya suka gani ba. Wanda ya ce a yi shiru gaba ɗaya shi ma tarihi bai goyi bayansa ba. A Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, da niyyar toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Amma wayar da mai kai musu rahoto ke amfani da ita, irinta ce ɗan ƙauye ke kiran agaji da ita, ya gargaɗi maƙwabta, ya karɓi kuɗin da ɗansa ya turo daga birni. A Agusta 2022 kuma hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ƙasa ta ci tarar gidan talabijin na Trust naira miliyan 5 saboda wani shiri da ya yi kan 'yan bindiga, aka yi ta muhawara kan ko jin ta bakinsu ɗaukaka su ne ko fahimtar cutar ne don a san maganinta. Muhawarar ba ta mutu ba, domin kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya.

Abin da muka ɗauka daga wannan shi ne tsinke waya da murɗa sauti har ƙarshe sun yi tarayya a abu ɗaya: dukansu suna sauke wa mutum wahalar tantancewa. Amana kuwa tantancewar ce kanta. Ana iya faɗa wa duniya cewa sarki yana hannu, yana roƙon ceto, ga kwanakin da ya yi, ga abin da ake nema, a faɗa da ƙarfi kuma kullum, ba tare da an raba wa yara hoton wulaƙancinsa ba. Ladan yana isar da kabbarar liman, ba ya isar da tarinsa.

Abin da ya hau kanmu

Kamfanoni sun gwada nasu. A Janairu 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, a Afrilu 2020 ya mayar da saƙon da ya riga ya yi yawo da yawa zuwa wuri ɗaya. Irin wannan shinge yana rage gudu, kuma iyakar abin da manhaja za ta iya ke nan. Babu layin lissafi da zai san ko muryar da ke cikin saƙo ta yarda a yaɗa ta.

Saura namu, kuma ba shi da tsada. Kafin yatsa ya danna, mu tambayi kanmu muryar wa ce, yaushe aka ɗauka, wa ya riƙe wayar, kuma wa zai ci riba idan ta yaɗu. Idan mu ne ke ɗaukar saƙon gargaɗi, mu fara da sunan gari da rana da lokaci. Saƙon da ke cewa kawai ga su nan tafe yakan dawo bayan wata shida ya tashi ƙauyen da ba abin da ya same shi, ya sa masu ciki da tsofaffi kwana a daji. Idan hakan ta maimaitu, ranar da gargaɗin gaskiya ya zo ba wanda zai motsa. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, amma sai kunnen da ba a gajiyar da shi da ihun banza ba.

Sannan mu juya makirfo wajen waɗanda ba a kafa wa. Kusan kowannenmu yana da ɗan'uwa ko 'yar'uwa da rikicin nan ya raba da gida. Idan sun turo saƙo, mu saurara har ƙarshe, ba a ninkin gudu ba. Idan sun yarda, mu ɗauki labarinsu da bakinsu da karin harshensu, mu adana, mu sakaya sunan wanda bayyanarsa za ta jefa shi cikin haɗari. Wata rana za a rubuta tarihin waɗannan shekaru na Gobir. Idan muryoyin masu bindiga kaɗai muka adana, da su za a rubuta shi.

Masu zuwa baje kolin sauti suna da wata al'ada da ta fi duk na'urorinsu daraja, kuma kyauta ce. Kafin a saka waƙa sai an rufe ƙofa an daina surutu, domin sun san lasifikar dala dubu 80 ba ta da amfani a ɗakin da kowa ke magana. Wannan kam muna da halinsa a Isa da Sabon Birni, da duk inda gudun hijira ko neman abinci ya kai mu. Allah ya dawo mana da zaman lafiya, ya sa mu cikin masu riƙe amanar abin da suka ji.